Kifin Damina

Akwai kifin da ake aikawa ta gidan waya a cikin ambulan, babu ko ɗigon ruwa tare da shi. Wanda ya buɗe ambulan ɗin ba zai tarar da komai ba sai 'yar leda ɗauke da baƙar ƙasa mai danshi, wadda ba ta cika tafin hannu ba, da guntuwar takarda mai suna da kwanan wata. Idan ranar da aka rubuta ta cika, sai a juye ƙasar a roba, a zuba mata ruwa. Cikin 'yan awoyi za a ga wasu halittu sirara kamar gashin ido suna iyo. Bayan wata guda da 'yan kwanaki sun zama kifaye masu jar wutsiya, mazan har sun fara faɗa a kan mata. Shekara na zagayowa sun tsufa, sun mutu, sun bar wata ledar.

Turawa suna kiran danginsu kilifish. Sunan ya fito ne daga kalmar mutanen Holan, kil, wato ƙaramin rafi. Sun haura iri dubu, suna warwatse a Afirka da nahiyar Amurka da kudancin Turai da Asiya, kuma akasarinsu ba su wuce tsawon yatsa ba. Mafi yawansu suna zaune a rafukan da ba sa ƙafewa, suna rayuwa kamar kowane kifi. Wani ɓangare kuwa, a Afirka da Kudancin Amurka, ya zauna a inda hankali ba zai kai ba, wato kududdufai da tafkunan da ke cika da damina su bushe ƙarƙaf da rani. Su ne muke kira kifin damina a gidanmu, kuma shekara huɗu ke nan ina kiwon su a ɗakin da nake aiki a Kaduna.

Bahaushe ya san gaiwa. Idan ruwa ya janye takan nutse a laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo, shi ya sa ake cewa jikinta take ci. Kifin damina ya bi wata hanya dabam. Shi ba ya ƙoƙarin tsira da ransa ko kaɗan. Tun daga lokacin da ya balaga, kullum sai macen ta binne 'yan ƙwai a laka. Ruwa ya ƙafe, iyaye su mutu, tsuntsaye su tsince su. Ƙwan kuwa, wanda bai wuce girman ƙwayar gero ƙarama ba, yana nan cikin ƙasa, ɗan tayin da ke ciki ya tsayar da girmansa cik. A 1972 wani masani Ba'amurke, John Wourms, ya bayyana cewa matakai uku ne ɗan tayin ke iya yin wannan tsayuwa: tun yana tarin ƙwayoyin halitta da ba su haɗu ba, ko bayan jiki ya fara siffa, ko kuma bayan ya gama haɗuwa yana jiran ƙyanƙyashewa kawai. Haka zai yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, sai ruwa ya taɓa shi.

Aikina rubuta manhaja ne. Na karanta ilimin kwamfuta a jami'a, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki ban taɓa gaisawa da su hannu da hannu ba. Ina wuni gaban allo ina gina abin da ba shi da nauyi ko ƙamshi, wanda bayan shekara biyu wani zai zo ya rushe ya sake sabo, babu ko kufai. Maƙeri yana iya nuna wa ɗansa fartanyar da ya ƙera, ni kuwa in aka ce in nuna aikin shekara goma sai dai in buɗe allo. Sannu a hankali na fara jin bukatar wani abu a ɗakin nan wanda ke numfashi, wanda zai tilasta mini ɗaga kai. Gidan haya ba ya ɗaukar akuya, kyanwa kuma uwargida ba ta so. Kifin ado da aka saba gani a shaguna yana son babban tanki da injin tace ruwa mai cin wuta dare da rana. Kilifish kuwa tankin gilashi mai lita 30 ya ishi namiji ɗaya da mata biyu, kuma kakanninsa a kududdufi suka tashi, ba su saba da gata ba.

Iri biyu nake riƙe da su. Na farko shi ne Nothobranchius guentheri, ɗan asalin tsibirin Zanzibar, wanda ƙwansa ya zo mini a ambulan. Namijin yana da jiki shuɗi mai ratsin ja, da wutsiya ja wur mai baƙin baki, macen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ado. Shi ne cikakken kifin damina. Na biyu shi ne Fundulopanchax gardneri, kore-shuɗi mai ɗigon ja da rawaya a gefen wutsiya. Shi wannan yakan kai shekara biyu zuwa uku, kuma ƙwansa yana ƙyanƙyashewa a cikin ruwa bayan mako biyu ko uku, ba sai an busar ba. Ina sa masa tufkar zaren ulu a tanki, ya liƙa ƙwansa a jiki, in bi da yatsa in tsince. Wanda zai fara kiwo, da wannan ya kamata ya fara.

Abu na farko da mai kiwon kilifish ke saya, kafin kifin ma, shi ne murfi. Gwanayen tsalle ne, domin a daji da tsalle suke sauya wuri idan ruwa ya yi ƙaranci, kuma kafar da ba ta wuce faɗin biro ba ta ishe su fita. Ni firam na katako na sa kafinta ya yi mini, aka ɗaura masa ragar sauro. Na biyu shi ne haƙuri da ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, shi ma guba, sannan wasu su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai taru ba. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soson tace ruwa suke zama, kuma sukan ɗauki wata guda ko fiye kafin su yi yawan da za su riƙe tanki. Saboda haka sabon tanki yakan yi makonni yana aiki ba kifi a ciki, ana ɗan jefa abinci don ƙwayoyin su samu na ci. Bayan nan, duk Asabar ina zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, in mayar da wanda ya kwana biyu a bokiti. Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, kwanan da yake yi a buɗe ne ke fitar da shi. Soson kuma ba a wanke shi sai da ruwan tankin, don kada a kashe masu aikin.

Littattafan kiwon kifi yawanci mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, shi ya sa babinsu na farko kan yi maganar na'urar ɗumama ruwa. Mu nan damuwarmu ta sha bamban. Kifayen nan sun fi walwala idan ruwa yana tsakanin digiri 22 da 26, a watan Maris da Afrilu kuwa ɗaki yakan wuce 33 da rana. Zafi yana hanzarta komai a jikinsu: su ci da yawa, su girma da wuri, su tsufa da wuri. Nan murfin raga ke da amfani na biyu, domin 'yar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke zafinsa da digiri biyu ko uku, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Da hunturu lamarin ya juya, ruwa ya yi sanyi da asuba, kifi ya yi lakwas, a nan ne cutar da ake kira karammiski ke samun ƙofa. Wata ƙwayar cuta ce da ke bayyana kamar an barbaɗa ƙurar zinariya a jikin kifi, ya riƙa tsuke fukafukansa yana goga jiki a gilashi. Ƙaramin cokalin gishiri a kowace lita biyar yana hana ta kama guentheri. Wuta kuwa, kowa ya san halinta. Famfon iskar da ke tura soson nawa ƙarami ne, yana aiki da irin batirin da ake cajin waya, kuma yakan kwana yana huci ko an ɗauke.

Sai abinci. Kilifish mafarauci ne, abin da ke motsi yake so, kuma garin abincin kifi na gwangwani ba ya burge shi. A Turai kuɗi ake sawa a sayi daskararriyar tsutsa. Ni bokiti nake ajiyewa a bayan ɗaki da ruwa da 'yan busassun ganye, sauro ya zo ya yi ƙwai, in tace tsutsar kowace safiya. Da farko uwargida ta ce ba za a yi kiwon zazzaɓi a gidanta ba. Muka yi yarjejeniya: tsutsar sauro na bukatar kimanin mako guda kafin ta yi fiffike, don haka duk kwana huɗu sai an juye bokitin kaf an sake ruwa. A lissafina ma, kowane sauron da ya yi ƙwai a bokitin nan ya yi asarar zuriyarsa. Jarirai kuwa bakinsu bai kai tsutsar sauro ba. Su ana ƙyanƙyashe musu atemiya ne, wasu mitsi-mitsin dangin jatan lande na ruwan gishiri, waɗanda ake sayar da busasshen ƙwansu kamar garin yaji. Gishiri gram 25 a litar ruwa, a saka tiyon iska, bayan kwana ɗaya sun fito.

Duk wannan hidima ce ta yau da kullum. Abin da ya riƙe ni shi ne ledar. A cikin tankin guentheri ina ajiye ƙaramar roba mai zurfi, cike da dafaffen garin ɓawon kwakwa, wanda ke tsaya musu a matsayin laka. Namiji zai tsaya bisa robar yana baza fukafukai, mace ta zo, ya rungume ta da fiffiken bayansa, su danna cikin garin, su ajiye ƙwai ɗaya. Haka za su yi ta yi. Bayan mako biyu sai in ɗauke robar, in juye a ƙyalle, in matse, in baza a kan takarda har danshin ya koma kamar na garin da aka yi wa yayyafi za a turara dambu: in ka dunƙula ya kama, amma ba ya ɗiga. Sai leda, sai suna da kwanan wata, sai wuri mai duhu da sanyi-sanyi. Nawa a cikin kwano suke, a gindin randa. Daga nan babu sauran abin yi sai jira, wata biyu zuwa uku. Idan lokaci ya kusa nakan tona in duba da gilashin ƙara girma. Ƙwan da ya nuna za ka ga idanu biyu a cikinsa, baƙi da zoben zinariya, suna kallonka.

Ranar jiƙo ba a zubar da garin bayan an kwashe jarirai. Ana sake matse shi, a mayar leda, a jira mako uku ko huɗu, a sake jiƙawa, kuma sau da yawa wasu za su fito. Wani lokaci har karo na uku. Uwa ɗaya, rana ɗaya aka yi ƙwan, amma ba sa farkawa tare. Duk wanda ya taɓa yin binne ya san dalili. Manomi kan zuba gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko, kuma ya san ruwan farko yakan yaudari mutum: a yi shi kamar da bakin ƙwarya, shuka ta tsiro, sannan sama ta ɗauke mako uku, komai ya ƙone. Shi ya sa mai hankali ba ya juye irinsa duka, yakan bar na sake shuka. Da a ce ƙwan kifin nan duka za su fashe a ruwan farko, fari ɗaya ya isa ya share zuriyar kududdufi gaba ɗaya. A wurin aiki ma haka muke yi. Idan za mu saki sabon gyara a manhaja, ba ma tura shi ga kowa lokaci guda. Mukan ba kaɗan daga cikin masu amfani, mu ga abin da zai faru, sannan mu ƙara. Mun ɗauki wannan a matsayin wayon zamani, har ana shirya taruka a kansa, alhali wani kifi da bai kai yatsa ba yana yin sa a cikin laka tun kafin a haƙa rijiyar farko.

Takardar da ke kan leda tana da nata muhimmancin. Masu kiwon kilifish na duniya suna da ƙungiyoyi tsofaffi: ta Amurka an kafa ta a 1962, ta Birtaniya a 1965, ta Jamus a 1969. Dokarsu mafi tsanani ita ce ba a raba kifi da sunan wurin da aka kamo kakanninsa, kuma ba a haɗa na wannan tafki da na wancan, ko da iri ɗaya ne. Za ka ga an rubuta Nothobranchius rachovii Beira 98, ma'ana zuriyar waɗanda aka kamo kusa da birnin Beira na Mozambik a 1998. Sunan zai bi su daga hannu zuwa hannu, daga ƙasa zuwa ƙasa, shekara da shekaru. Kifin da takardarsa ta ɓata ya sauka daga daraja, sai a kira shi na tanki kawai. Mai rubuta manhaja ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Muna da Git, wanda ke riƙe tarihin kowane layi da aka rubuta, wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo asali. Aikin da tarihinsa ya yanke, ko yana tafiya, ba wanda ke sakin jiki da shi.

A cikin irin waɗannan jerin sunaye ne na fara cin karo da gida. Ina duba abin da masu kiwo a Jamus da Holan ke musaya, sai ga gardneri Makurdi, ga gardneri Lafia, ga na tsaunukan Jos, ga na Akure. Shi kansa gardneri, a 1911 George Boulenger na gidan tarihin halittu da ke Landan ya ba shi suna, daga samfurin da aka kai masa daga Okwoga, a jihar Binuwai ta yau. Da na ƙara tonawa sai na iske abin da ya fi wannan kusa. A 1928 wani masanin dabbobi Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana wani ƙaramin kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, a yankin Katagum, ya raɗa masa suna kiyawensis. Yau ana kiransa Pronothobranchius kiyawensis, kuma cikakken kifin damina ne, mai binne ƙwai a laka kamar na Zanzibar. A 2013 wani mai bincike ɗan Italiya, Stefano Valdesalici, ya sake nazarin danginsa, ya ware wani sabon iri daga Jamhuriyar Nijar. A ƙasar Chadi akwai wani ɗan'uwansu mai jan zane kamar raga. Wato ni da na jira ambulan daga ƙetare, kifin damina yana kwance a fadamun Jigawa da Bauci, sunan garinmu na Hausa yana cikin littattafan kimiyya kusan shekara ɗari, kuma mai kiwo a Jamus ya fi ɗan Kiyawa sanin haka.

Kakata ta wajen uwa a bakin fadama ta tashi. Da ta zo Kaduna ganin likitan ido, ta zauna a ɗakin aikina tana kallon tankunan, ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Maigidan, waɗannan guda nawa za a tara kafin su yi miya?"

"Hajiya, ai ba na ci ba ne. Na kallo ne."

"To, madalla. An yi kiwon akuya, an yi na kaza, yau ga mijina yana kiwon kallo."

Na ɗauko mata leda, na gaya mata abin da ke ciki. Sai ta daina dariya. Ta ce suna yara, idan aka yi ruwa biyu ko uku, sukan tarar da 'yan kifaye a tafkin da suka yi wasan rani a tsakiyarsa, wanda ba ya haɗe da kowane kogi. Manya suka ce musu daga sama suke faɗowa tare da ruwa, su kuma suka yarda, tunda ba wata hanya da ido ke gani. Ta juya ledar a hannunta, ta ce, "Ashe a ƙarƙashin ƙafarmu suke."

Tambayarta ta farko tana da amsa a wajen masana. Akwai wani ɗan'uwan guentheri mai suna Nothobranchius furzeri, wanda aka fara kamowa a 1968 a gandun dajin Gonarezhou na Zimbabuwe. Damina a can gajeriya ce, don haka shi ma ya gajarce komai. A 2018 masu bincike daga Jamhuriyar Cek suka ba da rahoton cewa a tafkunan kudancin Mozambik yana balaga cikin kwana 14 da ƙyanƙyashewa. A ɗakin gwaji kuwa wasu zuriyoyinsa ba sa wuce wata huɗu zuwa shida. Cikin wannan ɗan lokaci yana nuna alamun tsufa irin namu: launi ya dushe, baya ya lanƙwashe, tsoka ta saki, koyon sabon abu ya yi masa wuya. Mai nazarin tsufa da ɓera sai ya jira shekara biyu ko uku kafin ya ga sakamako, da wannan kifi kuwa watanni sun isa. A 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a jami'ar Stanford ta Amurka, ɗaya a birnin Jena na Jamus, suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadonsa. A 2017 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Kolon suka nuna cewa kifayen da suka manyanta, idan aka sa musu ƙwayoyin bakteriyar hanjin matasa, suna ƙara tsawon rai. A 2020 kuma aka nuna cewa ɗan tayin da ya yi wata biyar a tsaye cikin ƙwai, wato kusan tsawon rayuwar uwarsa, idan ya fito yana rayuwa daidai da wanda bai tsaya ba. Kwanakin jiran ba a cire su daga rabonsa.

Ni ba ɗakin gwaji nake da shi ba, amma abin da suke aunawa ina ganinsa da ido. Na haɗa 'yar na'ura da allon ESP32 da ke aiko mini zafin ruwa a waya kowane minti goma, kuma tana da amfani a watan Afrilu. Sai dai ba ta san lokacin da namiji ya daina zuwa bakin roba ba, ko ranar da jan wutsiyarsa ya fara komawa ruwan goro. Wannan sai wanda ya zauna ya duba. Kifin da na gani yana sirara kamar gashi a watan Yuli, kafin wani Yulin ya zama tsoho mai doro, yana hutawa a ƙasan tanki tsakanin loma da loma. Zuriya biyar ke nan ina binnewa. 'Yata mai shekara shida ita ta fara lura da na bara.

"Abba, me ya sa bayansa ya karkace?"

"Tsufa ne, Mamana."

"Ai ni na girme shi."

"Kin girme shi. Nasa kwanakin ne kaɗan."

Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko Hajiya Kaka ma haka ne. Na ce haka ne, kowa ma haka ne, sai dai na mutane ya fi tsawo. Da kifin ya mutu ita ta haƙa masa rami a gindin zogale, kuma ita ta riƙe butar ruwa ranar da muka jiƙa ƙwansa. Ban shirya koya mata wannan darasi a shekara shida ba, amma na gode da ya zo mata ta hanyar abin da ya dace da tafin hannunta, kafin ya zo ta babbar ƙofa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne waɗancan na fadama. Kogi ko da rani kogi ne, kowa na ganinsa, in an tare shi za a yi magana. Tafkin damina kuwa wata bakwai ko takwas a shekara fili ne kawai, busasshe, mai tsattsagewa. Wanda ya zo auna fuloti a watan Fabrairu ba zai ga ruwa ba, balle kifi. Mai buga bulo zai kwashe lakar saman, wadda a cikinta ƙwan yake. Mai tifa zai cike ramin da shara da jar ƙasa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina zai iya lissafa kududdufan yarintarsa da yanzu gidaje ne ko shaguna, kuma ambaliyar da ke shiga unguwanni kowace Agusta tana tuna mana inda ruwan yake zama a da. Ba na zargin mai neman wurin kwana. Amma kifin da ke iya jure rani mafi tsanani ba ya iya jure kwana ɗaya na katafila, kuma da yake kowane tafki da zuriyarsa, wanda aka cike ya tafi da nasa ba tare da kowa ya san an yi rashi ba.

Wani zai ce ai masu kiwo suna riƙe da su a tankuna. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Amma a sana'ata mun san iyakar kwafin ajiya: yana da amfani ne muddin akwai inda za a mayar da shi. Zuriyar da ta yi shekara talatin a gilashi, daga 'yan kifaye kaɗan da aka kamo, ta saba da abincin da ke zuwa kan lokaci da damina ta buta. Kuma akwai doka ta biyu da duk mai kiwo ya kamata ya riƙe: kifin da ya zo daga wata ƙasa ba ya fita daga gida. Ruwan da na zuƙe daga tankin guentheri a gindin shuka nake zubarwa, tsohon garin kwakwa kuma sai na tafasa shi kafin in yar, don kada ƙwai ɗaya na Zanzibar ya bi kwata ya isa inda 'yan gida suke.

Ga wanda ke zaune kusa da fadama, a Haɗeja ko Azare ko Gaya ko Maraɗi, gwajin ba shi da tsada. A bari damina ta yi wata biyu, a nemi tafkin da ba ya haɗe da kogi, mai ciyawa a gefe, a ja rariya ko tsohon gidan sauro a cikin ciyawar. Za a samu talibambam da ƙwari iri-iri. Idan aka ga ɗan kifi mai gajeren jiki, da bakin da ya kalli sama, da fiffiken baya da ya koma can kusa da wutsiya, a sa shi a kwalba mai haske, a ɗauki hotonsa daga gefe, a rubuta sunan ƙauyen da ranar, sannan a mayar da shi. A tambayi tsofaffin masunta na wurin abin da suke kiransa, a rubuta wannan ma. Malaman sashen nazarin halittu na jami'o'inmu za su iya aiki da irin wannan bayani, kuma tafkin da aka san abin da ke cikinsa ya fi samun mai tsaya masa. Ni na riga na nemi hutun mako guda a watan Agusta. In Allah ya kai mu, zan bi hanyar Dutse zuwa Kiyawa da rariya da kwalba da littafin rubutu, kuma 'yata ta ce ita za ta riƙe kwalbar.